Yadda Ake Amfani da Layin Tiram Wajen Dakon Kaya a Cikin Birni

Duk wanda ya saba bi ta Kasuwar Sabon Garin Zariya da hantsi ya san abin da ke faruwa idan tirela ta zo sauke kaya. Direba zai saka giyar baya, yaron mota ya diro riƙe da weji yana dukan bodi yana cewa “taho, taho, ya isa haka”, 'yan dako su jeru kowa da gammonsa, masu Keke Napep kuma su cika hanya da oda har layi ya kai bakin babban titi. Kafin a sauke buhu 600 an cinye wa unguwa rabin wuni. Irin wannan damuwa ce ta sa wasu biranen Turai da Japan suka waiwayi layukan tiram da suke da su, suna tambayar ko dogon da ke ɗaukar mutane zai iya ɗaukar kaya shi ma.

Tiram ƙaramin jirgin ƙasa ne mai aiki da lantarki, wanda ake binne dogonsa a cikin kwalta domin ya yi tafiya a titi ɗaya da motoci, yana shan wuta daga wayar da aka rataya a samansa, yana kuma tsayawa a ƙananan tashoshi kusa da kusa. Zariya ba ta da shi, haka ma sauran biranen Arewa, amma a Afirka akwai shi a Iskandariyya da Rabat da Kasabalanka, sannan Adis Ababa ta buɗe jirginta na cikin gari a 2015. Dalilin kawo maganar a nan shi ne, a Zariya ne cibiyar horar da ma'aikatan sufuri ta ƙasa, wato NITT, take da mazauninta tun 1986, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ake yaye masu tsara birane da injiniyoyin da wata rana za a ɗora wa alhakin zana irin wannan layi. Mafi yawan abin da ke sa dakon kaya a tiram ya yiwu ko ya gagara ana yanke shi ne a kan takarda kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya. Tun ran gini, tun ran zane.

Ɗora kaya a kan siririn dogo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1902 aka buɗe tiram mai aiki da tururi a Legas, kuma bayan an daina ɗaukar fasinja a cikinsa, wani reshe nasa ya ci gaba da kwashe bahaya daga cikin gari har zuwa 1933. Daga nan Zariya kuma siririn layin da ake kira jirgin Bauchi ya tashi, ya isa Bukuru a 1914, yana sauko da kuza daga tsaunukan Jos, har aka rufe shi a 1957.

Fara da kayan

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da maganar jirgin, alhali kaya ne farkon lissafi. Abin da ake nema shi ne kayan da ke tashi daga wuri guda, ya sauka a wuri guda ko wurare kaɗan, kullum, cikin adadin da ba ya hawa da sauka sosai. Misalin da ya fi shahara shi ne na birnin Dresden a Jamus. A 2001 kamfanin Volkswagen ya buɗe masana'antar haɗa motoci a kusa da tsakiyar gari, ma'ajiyar kayan kuwa tana wani ɓangaren garin, tazarar da ba ta kai kilomita 6 ba. Maimakon manyan motoci su riƙa ratsa tsakiyar birni, sai aka ƙera jirage biyu na musamman da aka raɗa wa suna CarGoTram, kowanne da tarago 5, tsawonsa kusan mita 60, yana iya ɗaukar tan 60. A ma'aunin da muka saba da shi, nauyin buhun taki 1,200 ke nan mai kilo 50. Sawu ɗaya na jirgin yana maye gurbin manyan motoci 3.

Wannan tsari ya yi kusan shekara 20 yana aiki saboda mai kaya ɗaya ne, mashiga ɗaya, mafita ɗaya, kuma a kowane ƙarshe akwai reshen layi da ya shige har cikin harabar kamfanin. Amma rauninsa ma a nan yake. Da masana'antar ta daina ƙera motarta mai suna Phaeton a 2016 jirgin ya tsaya cik, ya dawo a 2017 domin motar lantarki ta e-Golf, sannan aka yi sallama da shi a Disambar 2020 lokacin da kamfanin ya sauya tsarin aikinsa. Saboda haka idan mai kaya ɗaya za a dogara da shi, a ƙulla yarjejeniya mai tsawon da zai isa a mayar da kuɗin jirgin, a kuma ƙera taragun ta yadda za su karɓi kayan wani idan na farkon ya janye.

Idan aka auna kayan Zariya da wannan ma'auni, da yawa za su faɗi. Masara da waken suya suna da nauyi da yawa, amma da kaka suke tururuwa, sai su ja baya. Tumatir da tattasai na fadamun Galma suna da lokacinsu, ga shi kwandon gargajiya ba ya jure a ɗora masa ɗan'uwansa, sai dai a koma amfani da kiret na roba. Takin zamani na gab da damina ne. Waɗanda suka tsallake su ne irin katan-katan na lemo da sabulu da taliya, da buhunan fulawa na gidajen burodi, da ƙananan saƙonnin da ake aikowa daga Kano da Legas, sai kuma shara, wadda zan dawo kanta. Hanyar tantancewa ita ce a zauna da littafi a bakin manyan sito-sito na tsawon watanni, a rubuta motar da ta shigo, da abin da ta ɗauko, da inda ta fito, da tsawon lokacin da ta tsare hanya. A riƙa rubuta girman kaya tare da nauyinsa, domin kwalayen biskit suna cika tarago tun sikeli bai motsa ba.

Fasinja ne mai layi

Mota tana iya kauce wa 'yar'uwarta, jirgi kuwa ba ya kewaye na gabansa. A ɗauka jirgin fasinja yana wucewa duk bayan minti 10, sauke kaya kuma yana cin minti 25. Idan jirgin kaya ya tsaya a kan babban layi, kafin ya gama jirage biyu cike da ɗalibai da ma'aikata sun yi cirko-cirko a bayansa, na uku yana tafe. Ba za a yi mako guda ana haka ba hukumar jirgin za ta kore shi, kuma tana da gaskiya.

Mafita iri uku ce. Ana iya tafiyar da jirgin kaya a tsakanin jirage biyu na fasinja, da gudu irin nasu, ba tare da ya tsaya ko'ina ba sai ya karkata ya bar babban layi, kamar yadda aka yi a Dresden. Ana iya ware masa lokacin da layi ya yi sauƙi, wato bayan isha'i ko kafin asuba, sai dai a tuna cewa da dare ne ma'aikata ke gyaran dogo da waya, kuma ƙarar ƙarfe a kan kwana tana hana maƙwabta barci, ga shi dole a sami mai karɓar kaya a wannan lokaci. Ana kuma iya haɗa taragon kaya da na fasinja, matuƙar kayan ƙanana ne da za a fitar cikin daƙiƙun da fasinja ke sauka. A tsarin jadawali a yi la'akari da yanayin garin kansa: cunkoson ranar Juma'a daga azahar, da makonnin buɗe makarantu, da azumi lokacin da kowa ke hanzarin isa gida kafin magariba.

Reshen layi da wurin sauke kaya

Nan ne kuɗi yake, nan ne kuma ayyuka suka fi mutuwa. A Maris na 2007 wani kamfani mai suna City Cargo ya yi gwaji a Amsterdam ta ƙasar Holan da jirage biyu, da niyyar shigo da kayan shaguna daga bayan gari, sannan ƙananan motocin lantarki su rarraba. Gwajin ya nuna cewa jirgin kaya zai iya bin layi ba tare da ya tare fasinja ba. Abin da ya kayar da aikin shi ne kuɗin shimfiɗa ƙarin rassan layi: hukumar birni ta ƙi zuba nata kuɗin, kamfanin ya kasa tara abin da ake bukata, bai cika shekara biyu da gwajin ba ya durƙushe. Birnin Vienna na ƙasar Ostiriya ma ya gwada daga 2005, Saint-Étienne ta Faransa ta gwada a 2017 tana kai wa kantunan wani kamfani mai suna Casino kaya da tsohon jirgin fasinja, kuma babu ɗayansu da ya zama aikin yau da kullum.

Don haka mai zana layi ya ware filin reshe tun farko, ko da ba za a shimfiɗa masa dogo ba sai bayan shekaru. A ce, don misali kawai, an ja layi daga Samaru ya bi ta Kwangila da PZ, ya tsallaka Kubanni zuwa Tudun Wada da Ƙofar Doka. Wuraren da za a nema wa reshe su ne kusa da tashar jirgin ƙasa, da gefen Kasuwar Sabon Gari, da wani fili a bakin hanyar Kano ko ta Kaduna inda tirela za ta sauke ba tare da ta shigo gari ba. Kowane reshe ya fi jirgin tsawo, domin jelarsa kada ta rage a kan babban layi. A yi masa dandamali wanda tsayinsa ya yi daidai da ƙasan tarago, ta yadda za a turo kaya a kan taya ba tare da an ɗaga ba, a yi masa rufi saboda ruwan Agusta, a ba shi magudanar ruwa mai kyau, a kuma bar sararin da Keke Napep da amalanke za su jira a cikin haraba. Idan babu wannan sarari, cunkoson da aka kora daga ƙofar kasuwa zai tare ne a ƙofar reshen. A kuma kewaye filin da katanga tun ranar da aka ware shi, domin kowa ya san yadda fili ke zama rumfuna a garuruwanmu idan aka bar shi a buɗe damina biyu.

Akwai wani zato da ya kamata a kawar, wato cewa taragon reluwe zai iya baro tasha ya hau layin tiram kai-tsaye. Faɗin tsohon dogon da ya ratsa Zariya milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna 1,435, tiram na Zurich ta ƙasar Suwizalan 1,000, na Dresden kuwa 1,450. Ko da faɗin ya zo ɗaya, bakin ƙafar jirgin ƙasa ya fi ƙarfin siririn ramin dogon da ke cikin kwalta, kwanar titi ta yi masa tsanani, nauyinsa kuma ya zarce abin da aka gina layin tiram da gadojinsa su ɗauka. Kayan da ya iso tasha sai an sauke shi an sake lodi.

Jirgin da abin zuba kaya

Game da jirgin kansa maganar ba ta da tsawo. Mafi arha shi ne a ɗauki tsohon jirgin fasinja a cire kujeru, a ƙarfafa ƙasansa, a faɗaɗa ƙofofi. Sabon jirgi na musamman sai idan akwai yarjejeniya mai tsawo a hannu. Kowanne aka zaɓa, injiniya ya tabbatar da nauyin da kowace ƙafa za ta ɗora wa dogo, ya kuma gwada birki da cikakken lodi a gangare, domin ɗabi'ar nan ta “ƙara buhu goma, ai mota ba ta cika” ba ta da wuri a jirgin da ke tafiya a tsakiyar masu babur.

Abin da ya fi jirgin muhimmanci shi ne abin da ake zuba kayan a ciki. A birnin Kyoto na Japan, tun 2011 kamfanin aika saƙonni na Yamato ke amfani da tiram ɗin da ke zuwa unguwar Arashiyama. Da safe ake cika keji-keji masu taya da ƙunshin saƙonni, a tura su cikin tarago, ma'aikata su shiga tare da su. Idan jirgi ya tsaya a tasha, ma'aikaci ya turo kejinsa waje, ya ɗora shi a kan amalanken da ke ɗaure a bayan keke mai batir, ya shige unguwa. Babu wanda ya taɓa kwali ko ɗaya tun daga wurin lodi har ƙofar mai saƙo. Wannan shi ne abin koyi: keji iri ɗaya, girma ɗaya, mai birki a tayarsa da abin ɗaure shi a jikin tarago, wanda aka rubuta wa lamba da sunan tashar da zai sauka, aka kuma jera shi ta yadda na farkon sauka zai kasance a bakin ƙofa.

A wannan zango na ƙarshe Zariya ta fi biranen Turai sa'a. Abin da suke kashe kuɗi suna ƙirƙirowa, wato mai ɗaukar kaya daga tasha zuwa ƙofar shago, mu muna da shi a jikin masu baro da amalanke da Keke Napep, waɗanda suka san kowane lungu na cikin ganuwa inda ko a-kori-kura ba ta shiga. A auna faɗin kejin da bayan kekensu kafin a ƙera shi. A kuma zauna da shugabanninsu, da na direbobi, da shugabannin kasuwa tun ana shawara, a fayyace wanda zai yi lodi da wanda zai sauke da kuɗin kowane keji, domin ɗan dakon da ya ga ana shirin raba shi da abincinsa ba zai yi wa aikin fatan alheri ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

Lissafin da ba a son ji

Gaskiya ne ƙafar ƙarfe a kan dogo ba ta cin ƙarfi kamar tayar roba a kan kwalta, kuma jirgin lantarki ba ya hayaƙi a cikin gari. Amma a tafiyar kilomita 10 ko 15 wannan rangwame ƙarami ne idan aka kwatanta da kuɗin taɓa kaya. Babbar mota lodi ɗaya take yi da saukewa ɗaya. Tiram yana ƙara saukewa daga tirela, da lodi a jirgi, da saukewa daga jirgi, da lodi a keke, kuma kowane hannu da ya taɓa buhu yana da ladansa, ban da fashewa da ɓata. Ɗan kasuwa da ya buga lissafi zai ga motarsa ta fi masa sauƙi. Ribar tiram garin ne ke cin ta: hanya ta buɗe, kwalta ta daɗe, haɗari da hayaƙi su ragu. Saboda haka hukuma ce za ta cike giɓin, ko dai ta gina rassan layi da kuɗinta, ko ta kafa dokar hana manyan motoci shiga tsakiyar gari a wasu sa'o'i, ta kuma tsaya a kan dokar. Idan ba ta shirya yin ko ɗaya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan ne ya sa nake ganin tsarin Zurich ta ƙasar Suwizalan ya fi dacewa da mu. A 2003 hukumar tiram da hukumar tsaftar birnin suka fara aika tsohon jirgi yana jan taragu biyu zuwa unguwanni a ranakun da aka sanar, ya tsaya a kan reshen layi, mutanen da ba su da mota su kawo tarkacen da ya fi ƙarfin kwandon shara, irin su tsohuwar katifa da karyayyar kujera. A 2006 aka ƙara wani domin matattun kayan lantarki. Shara ba ta da kaka ba ta da rani, ba ta gaggawa, ba ta tsoron ɓarawo, mai ita kuma hukuma ce, wadda dama kwashewar tana wuyanta. Wanda ya ga yadda leda ke toshe magudanai a Tudun Wada da Sabon Gari da ruwan farko ya san ba za a rasa lodi ba. Sai dai taragon ya zama rufaffe mai sauƙin wankewa, kuma kada a taɓa haɗa shi da na abinci.

Wuta ma tana cikin lissafi. Jirgin da wuta ta ɗauke masa da tan 40 a tsakiyar shataletale ya fi tirelar da ta lalace zama bala'i, domin ba a tura shi gefe. Dole layin ya sami wayarsa ta musamman daga tashar rarraba wuta, da hanyar samun wuta ta biyu, da abin jan jirgi mai dizal ko batir da ke jiran ko-ta-kwana. A ɓangaren doka kuma a rubuta a fili wanda asara za ta hau kansa a kowane zango, a yi wa kowane keji takardar shaidar kaya da ake sa wa hannu wajen miƙawa da karɓa, a yi inshora, a kuma haramta ɗaukar fetur da iskar gas da duk abin da ke kamawa da wuta.

Gwaji kafin dogo

Ba sai an jira an shimfiɗa layi za a san ko tsarin zai karɓu ba. Ana iya samun fili a bakin gari da wani a gefen kasuwa, a ƙera keji kamar 20, a ɗauki hayar matsakaiciyar mota guda a sa ta kwaikwayi jirgi: hanya ɗaya, lokaci ɗaya kullum, ba ta tsayawa sai a wuraren nan biyu, ba ta jiran wanda ya makara. A nemi 'yan kasuwa uku ko huɗu masu kayan da ba ya yankewa su shiga, a kuma sa ɗaliban sufuri su riƙe agogo da littafi. Su rubuta mintin da lodi ya ci, da yawan kejin da ya koma babu komai a ciki, da abin da ya fashe, da abin da aka biya masu keke, da ranakun da mai shago bai fito karɓar kayansa ba. Kejin da ke komawa fanko shi ne aka fi mantawa da shi a lissafi, alhali rabin tafiyar jirgin ke nan, don haka tun a gwaji a nema masa abin dawowa, ko da kiret ɗin lemo ne da tsofaffin kwalaye. A ci gaba da gwajin har ya ratsa damina guda da rani guda da azumi, sannan a kai littafin gaban masu zana layin, tare da taswirar filayen da ake son a killace.